Jirgin da Aka Hana Ni Gamawa

Fasfona bai yi mako guda a aljihuna ba a ƙasar Saudiyya. Wani mai farar jallabiya da ƙamshin turare, wanda ya tare mu a Jidda yana ta "'yan uwana, 'yan uwana", shi ya karɓe shi da sunan zai samo mini igama, wato takardar zama. Ya ce in jira shi a gindin wani bene. Na jira har inuwar benen ta bar ni ta koma ɗaya gefen. Har yau bai dawo ba. Ina yi masa fatan tsawon rai da lafiya, don ina so mu haɗu ranar hisabi yana da cikakken hankalinsa.

Da umara na shiga, a farkon shekarun casa'in, da niyyar in yi aikin shekara biyu in koma Kazaure in buɗe shagon kaina. Sana'ata ɗinkin kujeru ce, na mota da na falo. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a can. Ranar da na fito, Innata ta durƙusa a ƙofar gida ta ɗebi ƙasar da ƙafata ta taka, ta ƙulle a bakin tsumma. Mutanen da can haka suke yi wa matafiyi, wai ƙasar za ta riƙa jan mai ita har ya dawo. Malamai sun ce camfi ne, ni ma na ce camfi ne. Ita kuwa ta ce ba za ta kwance ƙullin ba sai na tsaya a gabanta.

Daga Jidda wani direban motar kayan gwari, ɗan Chadi, ya ɗauko ni zuwa Madina a tsakanin kwandunan tumatir, bai karɓi komai a hannuna ba. Duk shingen da muka tunkara sai ya buga jikin motar, in kwanta in ja buhu. Da muka shiga gari ya sauke ni a unguwar Sultana, ya nuna mini wani shago da baki, ya ce, "Je ka wurin wancan mai gemun, naku ne." Ko sunansa ban tambaya ba, abin yana damuna har yanzu.

Mai gemun shi ne Usta Jibrin, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun tsaya a can a kan hanyar hajji ba su ƙarasa ba, shi ya ƙarasa musu. Bai tambaye ni takarda ba. Ya miƙo mini almakashi da wata yagaggiyar kujerar tasi, ya koma ya zauna yana kurɓar shayi. Na farke tsohuwar rigar kujerar a bakin ɗinki, na shimfiɗa ta a kan sabuwar leda na fitar da yanka a kanta. Sai ya ajiye kofin.

"Halas, ya zol, ka iya," in ji shi. "Akwai wurin kwana a sama, amma ka yi haƙuri da ɓeraye, sun riga ka zuwa."

A saman shagon nan na zauna, cikin tarin soso da warin gam. In aka ce ga masu kame nan, sai in haye in shige ƙarƙashin katifu ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wanda ba shi da fasfo hanyarsa ta komawa gida ɗaya ce: a kama shi a tasa ƙeyarsa, ya sauka Kano da rigar jikinsa da jakar leda. Ni kuma kunya ta hana ni. Na fito da cika baki, yaya zan koma da silifa? Duk shekara sai in ce bayan hajjin bana. Kuma Madina gari ne mai kwantar da mutum. Ka yi sallah a Harami, ka ci dabino, ka ji zuciyarka ta yi sanyi, kafin ka farga furfura ta fara leƙo ka.

Alhazan garinmu su suke kawo mini kaset daga gida. Na ƙarshen da na samu, muryar Inna ta yi ƙasa sosai. Ta gaishe ni, ta ba ni labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, sannan ta ce, "Hamisu, yanar ido ta fara rufe mini gani. Ƙullinka yana nan ƙarƙashin matashina. Ban ce ka yi gaggawa ba." Na saurari kaset ɗin har zarensa ya tsinke, na liƙe shi da gam na ci gaba. Duk da haka ban tafi ba.

A wannan shekarar ce wani dattijo ya tsaya da a-kori-kura a ƙofar shago da hantsi. Dogo ne, baƙi, da tabarau mai kauri, hannuwansa duk tabon ƙarfe. A bayan motar akwai wata kujera da ban taɓa ganin irinta ba: ƙashinta na goran ruwa, da dogo a ƙasa kamar na jirgin ƙasa, da bel har ta kafaɗu.

Usta Jibrin ya ja ni gefe. "Wannan Ammu Bakur ne. Ɗan ƙasa ne, amma Bahaushe ne har cikin ƙashi. Rayuwarsa duk a gyaran jiragen sama ya ƙarar da ita, yanzu ya yi ritaya ya rasa abin yi sai tara gawarwakinsu. Bi shi. Kame ya yi yawa a Sultana kwanakin nan, gidan ɗan ƙasa kuwa ba mai leƙa shi."

Harra ta Yamma, inda gidansa yake, unguwa ce da aka gina a kan baƙin dutse, irin wanda aka ce wuta ce ta amayo shi tun zamanin da. In rana ta take, ƙasar kanta huci take yi, titi ya ɗauke ƙafa, ko kyanwa ba ka gani. A bayan gidan Ammu Bakur akwai fili mai doguwar katanga, an zuba masa farin yashi a kan dutsen. Da ya buɗe ƙofar ƙarfen sai na ja na tsaya.

Kawunan jirage ne. An datse su daga wuya, ba fiffike ba jela, an ɗora kowanne a kan katako an kafa masa matakala. Suna jere, duk sun juya fuska yamma. Gilasansu na gaba suna ƙyalli, duk inda ka tsaya sai ka ga kamar kai suke kallo. Zafi yana sa ƙarfensu ƙara, ƙas, ƙas, wannan ya yi wancan ya amsa.

"Kada ka ji tsoro, ya waladi," in ji shi yana dariya. "Ba sa cizo. Kabina ake ce musu, ɗakin matuƙa ke nan. Sauran jikin ba ruwana da shi."

Na ga masu kiwon tattabaru, na ga masu tara tsoffin rediyo, amma ban taɓa ganin mai irin wannan cuta ba. In ya ji labarin 'yan gwangwan za su yanka wani tsohon jirgi a bayan wani fili, ko a ina ne sai ya riga wutarsu isa, ya roƙi kan, ya ɗauko shi a tirela. Agogunan da ke gaban matuƙi, waɗanda suka cika allon kamar idanun kifi, ɗaya bayan ɗaya yake kwance su, ya share da burushin mai gyaran agogo, ya sake zana lambobin da suka goge. Wanda ya rasa sai ya yi musaya ta gidan waya da wasu masu irin cutarsa a ƙasashen Turawa. Ya haɗa musu batirin mota, in ya taɓa makunni sai ƙananan fitilu su kawo ja da kore. Kowane kai ya san tarihinsa: wannan wasiƙu ya yi jigila, wancan har tumaki ya ɗauka. Cikinsu kuwa warin tsohon mai da fata da gumin mutanen da suka daɗe a ƙasa.

Na ƙarshe a layin, wanda ke jikin katangar yamma, shi ne ɗan gatansa. Tsohon jirgi ne irin mai farfela biyu, da ya yi jigilar alhazai tun Ammu Bakur yana koyon aiki. Kujeru biyu gare shi, hagu da dama, su aka ɗauko ni in yi wa riga. Aka ba ni ɗaki a bakin filin, da keken ɗinki, da abinci daga cikin gida safe da rana.

Na hagu na gama ta ba wata matsala. Ta dama ce ta fara ba ni ciwon kai. Na yanka mata sabon soso, na ɗora, na tafi masallaci azahar, na ɗan miƙe a ɗaki. Da na dawo bayan la'asar sai na tarar soson ya lotsa a tsakiya, lotsawar ɗan ƙaramin mutum. Na ɗora hannu, da ɗumi, kuma ba ɗumin rana ba ne, don inuwa ta riga ta rufe wurin. Mai ɗinkin kujera ya san soso. Sabo ba ya riƙe siffar mutum sai an daɗe a kansa ba motsi. Washegari ma haka. Ga wani ƙamshi kuma na man shanu da turaren wuta, wanda rabona da shi tun ɗakin kakata.

Ba shi ke nan ba. Agogon da na gani jiya a allon yana ƙyalli, yau sai in tarar da rami a wurinsa, wayoyi suna reto. Jibi ya dawo, wani kuma ya ɓace. Rannan ƙarambani ya sa na ɗauki abin da matuƙa ke sawa a kunne na sa. Shuuu kawai yake yi. Da na daɗe ina saurare sai na fara jin wani abu can ƙasa, dum, dum, dum, da ɗan tsayawa, sannan ya ci gaba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan. Daka ce, ta mace ɗaya, a turmi mai zurfi. Na cire abin na sauko.

Na ce da kaina, Hamisu, ko dai aljanu ne ko dai kanka ya fara taɓuwa, gara ka san wanne ne. Washegari bayan azahar sai na ƙi shiga ɗaki, na raɓe a ƙarƙashin wani kan jirgi da ke kusa. Can sai ƙofar cikin gida ta yi ƙara. Wata 'yar tsohuwa ta fito, ƙanƙanuwa, ta rankwafa, tana dogara sanda. Ta ratsa yashin a hankali har gindin matakalar, ta cire takalmanta ta jera su kamar mai shiga ɗakin surukai, ta hau da rarrafe.

Na ba ta lokaci, sannan na bi ta na yi sallama. Tana zaune a kujerar dama, hannuwanta a cinya, tana kallon katanga ta cikin gilashi. Ba ta firgita ba.

"Kai ne mai ɗinkin?" ta ce. "Sannu da aiki, ɗan nan. Yaushe za ku gama jirgin ga?"

Hausarta ta ba ni mamaki. Ba Larabci ko ɗaya a ciki, tsohuwar Hausa ce irin ta yamma, kamar an rufe ta a tukunya an buɗe yau. Ita ce mahaifiyar Ammu Bakur, duk gidan Sitti Hawwa suke ce mata, ni kuwa Iya na kira ta tun daga ranar. Ta ce garinsu Gawon Bako, a ƙasar Tasawa. Tana amarya suka fito ita da mijinta a ƙafa za su hajji. Suka yi noma a Chadi, suka tsinci auduga a Sudan, a can ta haifi Bakur, suka haye teku a kwalekwale. Mijin ya rasu a Madina, ta ce bari yaron ya yi wayo, bari ya gama makaranta, bari ya yi aure. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, duk da ɗanta a cikinsu ya tsufa. Lokacin da take da ƙarfi ta ce ba yanzu ba, da ta ce yanzu kuma likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

"Bakur ya ce shi zai kai ni da kainai, in ya gama wanga," ta ce. "Dole in tahi. Uwata ta ɗebi sawuna ran da muka hito, ta ƙulle. Ba a kwance ba har yau. Ina jin shi nan yana ja na." Ta dafa tafin ƙafarta. Sannan ta nuna abin kunnen da ke rataye. "In ka sa wancan kana jin ta tana daka."

Ban ce mata na ji ba, ban kuma ce mata ni ma akwai nawa ƙullin ba. Na ce, "Saura kaɗan, Iya," irin abin da kowane mai sana'a yake faɗa.

Ɓarawon agoguna kuwa da sassafe na kama shi, da sukurudireba a hannu, yana kwance wanda ya ɗaura jiya. Ammu Bakur ya dube ni ta saman tabarau, ya ga na gane, ya zauna a bakin matakala.

"Ka haɗu da Ummi ke nan," in ji shi. "Isma, ya waladi. Wannan kabina tun shekaru da suka wuce ya kamata a ce na gama ta. Ummi ta rikice, ta ɗauka jirgin gaske nake haɗa mata. Ran da na ce mata ba ya tashi, ta daina cin abinci har sai da na janye maganar. Yanzu abin da ke tashinta da safe shi ne ta zo ta ga inda aka kwana. In na ɗaura biyu sai in cire ɗaya. Ran da aka gama, za ta tafi."

"Ta tafi ina, Ammu? Abin ko taya ba shi da ita."

"Ni injiniya ne, na fi ka sanin ba ya tashi," ya ce. "Amma uwata ce, na fi ka saninta. Shwayya-shwayya, a hankali za ka yi aikin. Ka ɗinka, ka farke."

A raina na yi dariya. Na ce ga mutum ya yi boko har ya gyara jirgin sama, ya zo yana tsoron kujera. Amma abincinsa nake ci, a inuwarsa nake ɓoye, sai na bi. Na ɗinka, na farke. Wannan shi ne aiki mafi ɗaci da na taɓa yi. Hannun da ya saba gamawa, ka sa shi ya warware ɗinki mai kyau, ji yake kamar an sa shi sata. Kullum bayan azahar Iya ta hau, ta tambaya, in ce saura kaɗan. Wata rana ta kawo mini dabino a bakin mayafi, wata rana ta sa ni in ba ta labarin damina, yadda ƙasa take ƙamshi in an yi ruwan fari. Sai ta rufe ido tana gyaɗa kai.

Ana nan sai wasu baƙi masu irin cutarsa suka zo daga Jidda kallon kawunan da ɗaukar hoto. Don kada ya ji kunya, Ammu Bakur ya mayar da kowane agogo wurinsa, ya goge allon har yana ɗaukar ido. Baƙin ne suka ba shi labarin wani jirgi da za a yanka can arewa. Jikinsa na rawa ya shirya, ba lokacin kwance komai. Yana shiga mota ya leƙo ya ce, "Kujerar dama ita kaɗai ta rage. Kada ka taɓa ta sai na dawo."

Ana gobe zai dawo, Iya ta fito tun da hantsi, ba lokacinta ba. Ta zo har ƙofar ɗakina da wani ƙunshi a hammata. Ta kwance. Zane ne na saƙi, baƙin rini, ya tsufa har ya fara komawa toka a bakin ninki, amma zarensa na nan da ƙarfi.

"Da shi na hito gida," ta ce. "Shi za ka sa ma kujerata."

"Iya, Ammu ya ce a jira shi."

"Na san abin da ya ce. Na san abin da yake yi da sassahe da ɗan ƙarhen nan nai. Tsufa na yi, ban makance ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗan nan, kana da uwa?"

"Ina da ita."

"Tana jiranka?"

Na kawar da kai na dubi keken ɗinki.

"To ka san mi ake nufi da saura kaɗan," ta ce. Ta ajiye zanen a kan keken ɗinkina ta juya.

Na daɗe a zaune ina kallonsa. Na tuna amanar mutumin da ya ɓoye ni. Na kuma ce a raina, kan jirgi ne fa, a kan katako, a gaban katanga. In na gama, iyaka ta zauna ta ga bai tashi ba, ta yi fushi, Ammu ya dawo ya ƙirƙiro wani abin da ya rage. Na ɗauki almakashi. Ban taɓa yin ɗinki kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Na bi layin saƙar don kada ya karkace, na ninka bakin sau biyu, wuraren da keke ba ya shiga na bi da basilla. Baƙin zanen ya zauna a kan ƙarfen nan kamar don shi aka saƙa shi. Guntun da ya rage na sa a aljihu.

Washegari bayan azahar ta fito da fararen kaya, ta yi wanka, ta sa kwalli. Ta cire takalmanta a gindin matakala, ta taka yashi, ta hau. Ta shafa kujerar da tafin hannu, sama da ƙasa.

"An gama?"

"An gama, Iya."

"Madalla. Allah shi yi maka albarka. Ɗaura mini igiyar."

Na ɗaura mata bel ɗin, na ja shi har ƙarshe don ta yi masa kaɗan. Ta sa na kunna fitilun, ta sa na ɗora mata abin kunnen a kan mayafi. Sannan ta ce, "Sauka. Ba da kai za a tahi ba yau."

Na sauka na zauna a inuwa, ina jiran ta kira ni ta yi mini faɗa. Rana ta take sosai. Ƙarafan suna ta ƙas, ƙas ɗinsu, sai can na lura duk sun yi shiru, gaba ɗaya, abin da ban taɓa ji ba a filin nan. Wata iska mai sanyi ta taso daga gabas ta wuce ta kaina ta haye katangar yamma, ta tayar da yashi kaɗan, ta kwanta. A Harra, da tsakar rana, a tsakiyar bazara. Aka kira la'asar Iya ba ta sauko ba. Ni kuma na kasa hawa.

A haka tirelar Ammu Bakur ta tsaya a waje. Ya shigo yana murna zai ba ni labari, sai idonsa ya sauka a kan takalman. Ya dube ni. Ya hau, na bi shi.

Tana zaune daidai yadda na bar ta, kanta ya ɗan karkata wajen taga kamar mai leƙen ƙasa, bakinta da ɗan murmushi. Ammu Bakur ya taɓa wuyanta, ya yi salati, ya rufe mata ido. Sannan ya zauna a kujerar hagu. Na ɗauka zai rufe ni da duka, kuma da ya yi ba zan tare ba. Sai ya miƙa hannu sama ya fara kashe makunnan, ɗaya bayan ɗaya, a jere, yadda matuƙa suke yi in sun sauka. Da ya zo kan agogon da ke nuna nisan jirgi daga ƙasa sai ya tsaya. Allurarsa, wadda kullum take kwance a kan sifili, ta ɗaga. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ba ta koma ba.

"Zafi ne yake sa su haka," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. Ya cire mata abin kunnen a hankali. "Hamdilla ala salama, ya Ummi," ya ce, gaisuwar da suke yi wa matafiyin da ya sauka lafiya. Hawaye suna bin gemunsa. Can ya shafa bakin kujerar ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau."

Na sauko kafin mutanen gida su fito. A gindin matakala, kusa da takalman, ga sawunta ɗaya a kan yashi, ɗan ƙarami, yatsu biyar sun fito sarai. Ban yi shawara da kowa ba. Na durƙusa na kwashe shi a guntun zanen na ƙulle.

A Baƙi'a aka binne ta. Kowa yana cewa ta dace, kuma gaskiya ne, mutane daga ko'ina a duniya suna roƙon Allah wannan makwanci. Har yau ban ce na yi kuskure ba, ban kuma ce na yi daidai ba. Bayan an share makoki Ammu Bakur ya kira ni filin. Ya ce ya yi magana da wani, za a yi mini sabon fasfo, shi zai tsaya mini a samu igama, in zauna tare da shi, ga sabon kai an kawo kujerunsa duk sun ruɓe. Abin da na yi shekaru ina roƙo a Harami ke nan, an kawo mini har ƙofar ɗaki.

Na dubi layin kawunan nan da suka juya yamma. Na ga kaina da furfura da sanda, ina cewa bari a gama wannan, bari a gama wancan. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ƙarƙashin katifun Usta Jibrin.

"Ammu, ka yafe mini," na ce. "Gida za ni."

Ya dube ni ya ce, "Ɗayyib. Ka fi ni hankali."

Na ɗinke ƙullin a cikin ƙugun wandona, na koma Sultana na yi sallama. Usta Jibrin ya cika mini leda da burodi da dabino yana zagina, wai ni sakarai ne, idonsa kuwa ya yi ja. Na taka da ƙafata har wurin motar masu kame na ce ba ni da takarda. Ɗan sandan ya dube ni kamar mahaukaci, don bai saba a kawo masa kai ba.

A Jidda aka tara mu a wani babban ɗaki, mu da yawa, ana kwana a zaune. Duk ɗan Nijar da na gani sai na tambaye shi Gawon Bako. Wani ya ce bai taɓa ji ba. Wani tsoho ɗan Tasawa, wanda ya raba bargonsa da ni, ya ce ƙauyuka da yawa sun tashi a shekarun yunwa, ko kufansu ba a ganewa. Ranar da aka sa mu a jirgi, ina shiga na tarar da ƙofar matuƙa a buɗe. Na leƙa kujerar dama. Wani saurayi ne a kai yana shan shayi. Aka tura ni gaba.

Da rigar jikina da jakar leda na isa Kazaure, da silifa, kamar yadda na ji tsoro. Ba wanda ya yi mini dariya. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, idanunta sun yi fari fat. Na yi sallama. Ta ɗago kai, amma ba ni ta fuskanta ba, gefena ta fuskanta.

"Hamisu," ta ce, "kai da wa kuka shigo?"

"Ni kaɗai ne, Inna."

"A'a. Ga tsohuwa nan a bayanka tana cire takalmi. Matsa mata mana, ta sha hanya."

Na matsa. Ban waiwaya ba. Na durƙusa na farke ƙugun wandona na sa mata ƙullin a hannu. Ta shafa saƙin da yatsu, ta kai hanci, ba ta tambaye ni komai ba. Ta sa aka ɗauko nawa daga ƙarƙashin matashi. Ta kwance su duka biyu da haƙori, ta zazzage farin yashi da jar ƙasa a wuri ɗaya a bakin ƙofa, ta shafe da tafin hannu.

Sannan ta ce a kawo wa baƙi ruwa, kofi biyu. Na shanye nawa. Ɗayan ban duba ba.